Alamar Dokta Adli

Ranar da aka kai Ustaz Labib makwancinsa, makaɗan Alƙahira sun yi kuka, ba a ce ba su yi ba, amma kowa da ido ɗaya ya yi. Ɗaya idon yana kan kujerar da ya bari.

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai ya daɗe. Tun gashinsa na baƙi wuluk ya zauna a layin masu kamanja, wato gogen Turawa, na babbar ƙungiyar makaɗa, yana goga tsirkiya har haƙoransa suka zube, kuma a ƙungiyar nan ba a tashi daga kujera sai makara ta zo. Waɗanda suka gama makarantar kiɗa kuwa suna can waje suna tsufa, suna kaɗa wa 'yan biki a otal, suna tambayar lafiyar tsofaffi da wata irin kulawa mai ban mamaki.

Nirmin na cikin masu jiran, kuma ta fi kowa daɗewa a layi. Tun tana 'yar mitsitsiya uwarta Sitt Afaf ke jan ta daga unguwar Shubra a motar haya zuwa makarantar kiɗa. Yaran unguwa na tsallen igiya a ƙasa, ita tana bene da kamanja maƙale a wuya tana goga abu ɗaya tun safe, har maƙwabta su fara buga bango da silifa. Itacen ya bar mata baƙin tabo a ƙarƙashin haɓa, tabon da matan unguwa suka yi shekaru suna fassarawa yadda ransu ya so. Ta yi aure sau ɗaya. Mijin, wani mai shagon magani, ya daure iya daurewarsa, sannan ya ce shi mace ya aura, ba akwati mai kuka ba. Ta koma gaban uwarta, ba ta ma samu ta yi dogon kuka ba, domin washegari tana da darasi.

Yanzu ga kujera ta faɗi. Ƙa'idar ƙungiyar kuwa ba a ɗaukar wanda ya haura talatin da biyar, ita kuma 'yan watanni suka rage mata. In wannan ta kuɓuce, shi ke nan, ba wata.

Da can manya ke cusa 'ya'yansu da 'ya'yan abokansu, har abin ya yi wari jaridu suka ɗauka. Sai aka kawo labule. Alƙalai su zauna a gefe guda, mai gwaji ya shigo ta ɗaya gefen. Ba suna sai lamba, ba magana, ba tari, har takalmi ake cirewa a ƙofa don kada a bambance takun mace da na namiji. Aka yi ta tafi, aka ce adalci ya sauka. Ba a rufa shekara ba kowane malami ya ƙirƙiro alamarsa. Kafin a fara kiɗa ai dole mutum ya ɗan gyara tsirkiyoyinsa, to a cikin gyaran nan ake soka 'yar gaisuwa wadda kunne ɗaya tak zai gane a bayan labule. Kowane gwaji malami ya sake sabuwa, kuma ɗalibi ɗaya yake ba wa. Kowa ya san da zancen, ba wanda ya taɓa furtawa.

Malamin Nirmin shi ne Dokta Adli, gajeren dattijo mai rinannen gashi, wanda ke naɗe wuya da mayafin ulu ko da rana na dafa ƙwai a titi. Yana cikin alƙalan. Shi ya ɗora mata bakan kamanja a hannu tun farko, kuma tun daga nan take masa bauta. Ita ke koyar da sangartattun 'ya'yan attajiran da ke biyan sa, ita ke tsayawa layin karɓo masa maganin hawan jini, ita ke raka matarsa wajen likitan haƙori. An yi gwaji a baya har sau biyu, alamar ta tafi wajen ɗan ƙanwar matarsa, sannan wajen 'yar wani babban soja. Kullum maganarsa ɗaya: ki yi haƙuri 'yata, layi ne.

Ana gama zaman makokin Ustaz Labib ya kira ta ajinsa.

"Rufe ƙofar. Rufe tagar ma, so kike iska ta kwashe ni in bi Labib?"

"Allah ya kiyaye, Dokta."

"Ke kaɗai ke faɗin haka. Sauran ɗalibaina duk safiya sai sun leƙa jarida ko an sa hotona da baƙin zagaye. Miƙo kamanjar."

Ya karɓa, ya maƙale ta kamar mai gyara. Ya tsinki siririyar tsirkiya da ƙaramin yatsan hagu ta ce tin, ya bi da mai kaurin, sannan ya bar gindin bakan ya taɓa itacen, ƙwas, kamar kuskure.

"Kin ji?"

"Na ji, Dokta."

"Ba ki ji komai ba, ni ma ban nuna miki komai ba. Amma ki yi shi kamar ba da gangan ba, kin gane? Mamduh zai zauna a gefena, kuma mutumin nan kunnen jemage gare shi. In alama ta fito tsirara, zai kai ni gaban hukuma yana min murmushi."

Dokta Mamduh shi ne abokin gabarsa, sun yi shekaru suna rungumar juna a bainar jama'a.

Nirmin ta kama hannun malaminta ta sumbata. Ta sauko bene, ta tsaya a bakin titi ta sayi wainar zaƙi ta basbusa tire guda, ita da ba ta shan zaƙi.

To a nan ne ta yi abin da sai makaɗi zai yi. Mu sauran bayin Allah in aka ba mu sirri sai mu haɗiye, ko dai mu gaya wa mutum ɗaya kacal mai riƙon amana. Ita kuwa tun tana yarinya abu ɗaya aka dasa mata: duk abin da za ki yi a gaban mutane, ki maimaita shi sai hannu ya iya ba tare da ya nemi shawarar kai ba. An ce ta yi shi kamar ba da gangan ba, ita kuma ba ta san wata hanyar yin abu kamar ba da gangan ba sai ta atisaye. Sai ta ɗinke alamar a bakin kiɗan da za ta yi. Ta tsinka, ta tsinka, ƙwas, ta shiga kiɗa. In ƙwas ɗin ya yi ƙarfi ta sake. In ya yi kama da na mai niyya ta sake. Kullum haka, safe da yamma.

"Wannan ƙwas-ƙwas ɗin fa?" in ji Sitt Afaf daga kicin, tana jajjaga wake. "Itacen ne ya tsage?"

"Gyara ne, Mama."

"To a gyara da kyau. Na riga na gaya wa matar mai gidan da muke haya ta tanadi rigar fita, 'yata za ta hau dandamali."

"Mama, don Allah, ba a yi gwajin ba tukuna."

"Ni ban gaya wa kowa ba. Ita kaɗai, sai mai wanki."

Kafin ranar gwaji dole a ci abinci, abincin makaɗi kuwa gab da azumi yana ɗakin ɗaukar sauti. Lokacin ne ake tseren gama fina-finai masu dogon zango, ana kwasar masu kamanja a cusa su a ɗaki marar taga, kowa da abin ji a kunne, suna goga baƙin cikin mutanen da ba su sani ba. Mai tsara kiɗan fim ɗin, Ustaz Galal, ya yi karatu mai zurfi a ƙasar waje, har an ce ya rubuta wani gagarumin kiɗa da ba a taɓa kaɗawa ba, yana can ƙarƙashin gadonsa asu na karantawa. Yanzu sana'arsa sa matan aure kuka bayan shan ruwa.

"Hawaye nake so, jama'a!" yake ihu ta bayan gilashi. "Uwa ce ta gano ɗanta ɓarawo ne, ku kuna goga min kamar masu zarto a kasuwar katako. A sake!"

"Ya kwantar da hankalinsa," Shahira ta raɗa wa Nirmin. "Duk wahalar nan ƙasa za a yi da sautin, jarumar ta ɗora majinarta a kai."

Shahira ce ke zama kusa da ita, takardar kiɗa ɗaya suke kallo. Tare suka yi makaranta, ko da yake Nirmin ta girme ta. Malaminta ya tattara ya tafi koyarwa ƙasashen masu mai, ya bar ta ba uba a sana'a, ga yara biyu, ga miji mai jiran aiki tun aurensu. Ita ma ta sa suna a gwajin, amma da dariya take faɗa, wai za ta je ne a ga safarta.

Aka kunna jar fitila. Nirmin ta ɗaga kamanja, hankalinta na can wajen labulen gwaji, hannunta kuwa ya yi abin da aka koya masa. Ya tsinka, ya tsinka, ƙwas. Aka tsaya aka sake, ya kuma yi. Aka sake, ya ƙara.

"Wai wa ke ƙwanƙwasa min ƙofa a cikin na'ura?" in ji mai ɗaukar sauti. Aka yi dariya, har da Nirmin, tana waige-waige ta ga ko waye.

Da aka fita shan shayi Shahira ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ƙawata, wannan sabon salon fa, daga ina?"

"Wane salo?"

Kuma wallahi da gaske take tambaya. Shahira ta tsura mata ido ta saman kofin shayi, sannan ta ce, "Ba komai. Ya gwiwar Mama, ta yi sauƙi?"

Ranar gwaji da hantsi aka jera su a dogon baranda, manya da gemunsu, duk a safa kamar masu shiga masallaci. Wani mai ƙaton ciki yana ta ɓoye babban yatsansa da ya leƙo ta huda. Aka zagayo da akwati kowa ya zari lamba. Shahira ta zari biyar, Nirmin ta zari shida. Al'adar kuwa in mutum ya shiga, mai bi masa ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

Shahira ta wuce ba ta dube ta ba. Aka turo ƙofa. Nirmin na tsaye, kamanja a hammata, tana addu'a a zuci. Sai ta ji an tsinki siririyar tsirkiya. Aka bi da mai kauri. Sannan ƙwas, a hankali, kamar kuskure, da kyau fiye da yadda ita kanta take yi.

Sanyin simintin ya ratsa safarta ya hau har ƙirji.

Ko kusa ba ta kawo a rai cewa hannunta ne ya tona alamar ba. Abin da ya faɗo mata shi ne ɗan ƙanwar matarsa, da 'yar babban soja, da layin asibiti, da 'ya'yan attajirai masu cizon baka. Ashe tsohon ya sake sayar da ita. Ashe ya ba ta alamar ne kamar yadda ake ba yaro alawa ya yi shiru, ta gaskiyar ya kai wani wuri. Me Shahira ta ba shi? Ta tuna yadda take gyara masa mayafi in sun haɗu, ta tuna dariyarta, ta ƙulla wannan da wancan, kafin a gama kiɗan ciki ta gama shari'a ta yanke hukunci.

Yanzu ta shiga ita ma ta yi ƙwas, kamar almajirar bayan wata, a kunnen Dokta Mamduh? Ta roƙi kujera da alamar da aka riga aka cinye? Ta ce a ranta, ba zan yi ba. Ya san hannuna. Ya ji shi, ya ji kunya.

Aka kira shida. Ta shiga, ga labule baƙi daga sama har ƙasa, ana jin ƙamshin gahawa da motsin takardu a bayansa. Ta gyara tsirkiyoyinta tsaf, ta danne ƙaramin yatsanta da ke ta zillo zai yi aikinsa. Ta ɗora baka.

Waɗanda ke baranda sun ce hira ta tsaya cak. Mai hudajjiyar safa ya manta da yatsansa. Nirmin ɗin da aka sani mai kiɗa ce kamar mai tafiya da tiren ƙwai, ba ta fasa ko ɗaya, ba ta kuma sa kowa ya waiwaya. Ta ranar nan kuwa zagi ta yi da itace. Ta zagi tsohon, ta zagi mai shagon magani, ta zagi motar Shubra da duk safiyar da aka tashe ta cikin sanyi. Da ta zo wajen da kiɗan ke lafawa sai ta ji abin ya koma wani iri, kamar yarinya na kiran uwarta daga ɗaki mai duhu. Ta sauke baka, gashinsa ya tsittsinke yana reto. A bayan labule wani ya fyace hanci.

Bayan la'asar aka buɗe babbar ƙofa, alƙalai suka fito, magatakarda a gaba. Dokta Adli na baya yana walƙiya, ya hango Nirmin, ya kashe mata ido, ya fara buɗe hannuwa.

"Lamba biyar," in ji magatakarda.

Shahira ta fito daga cikin mutane da 'yar takardarta a sama, tana kuka. Hannuwan Dokta suka tsaya a iska. Da yake tsohon hannu ne, sai ya karkata su kaɗan ya rungumi Shahira.

A ajinsa Nirmin ta same shi, ya zube a kujera, taga a buɗe bai ko lura ba.

"Allah ya sanya alheri, Dokta. Nawa ne kuɗin alamar bana, ko ba da kuɗi aka biya ba?"

"Ke, ki iya bakinki! Na rantse da kabarin uwata ban ba kowa ba sai ke. Na ji alamata, na zuba maki. Ina kika shiga? Wace lamba ce ke?"

"Shida."

Ya dafe kai.

"Shida. Nirmin, ni na kashe shida. Mamduh ya ba ta maki cikakke. Baƙon alƙalin da aka ɗauko daga waje sai da ya cire tabarau. Na ce wannan ɗalibin Mamduh ne, zai cinye min 'yata. Na ce saurin ya yi yawa, na ce hannun ba ladabi, na ba ta abin da ko ɗan koyo ba a ba. Da ƙyar na ja ta ƙasa, da ƙyar! Don ke na yi."

"Tun haƙorana na madara nake kaɗa a gabanka. Ba ka gane hannuna ba?"

"Hannunki na sani, mai tsabta, mai biyayya, mai tsoro. Wancan ban taɓa jin sa ba. Ina kika ɓoye shi duk shekarun nan?"

"Kai ka ce in ɓoye. Kullum na saki jiki sai ka buge min yatsu da fensir."

Ya jawo mayafinsa ya ƙara naɗewa.

"To a gyara, Dokta. Ka je ka gaya musu."

"In gaya musu me? In ce na yi maguɗi ya faɗa kan wadda ba ita ba? Ko ke za ki je ki ce an sace miki maguɗinki? Je ki, Mamduh zai ba ki kujera ki zauna ki ba da labari, har shayi zai sa a kawo miki."

Shahira na bakin ƙofar waje tana ɗaura takalmi. Ba ta gudu ba, wannan kam a ba ta.

"Wa ya ba ki?" in ji Nirmin.

"Ke."

"Ƙarya kike."

"Kullum a kunnena, ƙawata, kafin kowace ɗauka. Har mai na'ura ya yi ƙorafi kina dariya. Na tambaye ki, kika ce wane salo." Ta miƙe ta saɓa akwatin kamanjarta. "Ke kina da Dokta. Ni kunne kawai gare ni, da yara biyu. Na ɗauka ke ma za ki yi, a raba mana, wadda ta fi ta ɗauka. Kuma da kin yi, ke ce. Na ji ki ta ƙofa. Me ya hana ki?"

Nirmin ta dubi ƙaramin yatsanta na hagu kamar yau ta fara ganin sa.

Watanninta suka cika, ta haura shekarun, ba wanda ya sake mutuwa. Dokta Adli, da yake shi ma yana da 'yar kunya, ya nemo mata abin da ya kira rabin kujera: in wani ya kwanta ciwo ko mai jego ta tafi hutu, a kira ta ta cike gurbi. Ta ce ba ta so. Ta faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Da aka kira ta ranar farko ta goge baƙar rigarta ta tafi.

Gurbin da ya faɗi kusa da Shahira ne, ta ciki. A ƙungiyar makaɗa kuwa, mutum biyu ke kallon takarda ɗaya, kuma na cikin shi ne ƙarami, shi ke juya shafi. Duk inda kiɗa ya kai ƙarshen shafi, komai daɗinsa, dole ya sauke baka ya miƙa hannu ya juya, na wajen ya ci gaba da kaɗawa.

Sitt Afaf na can saman bene a kujerun masu arha, ta zo da matar mai gida da mai wanki, kowacce da ƙullin 'ya'yan kankana a jaka. Kiɗa ya hau, ya hau, zaure ya cika da shi, daidai wajen da tsikar jiki ke tashi Nirmin ta sauke kamanjarta ta miƙa hannu.

"Ya na ga 'yarki ta daina?" in ji matar mai gida.

"Daina me? Ba ki ga ita ke riƙe da takardar ba?" in ji Sitt Afaf, ba ta ɗauke ido daga dandamali ba. "In ba ta juya musu ba, duk tsayawa za su yi."